Mabuɗin shiga: Tsarin buɗe asusu ba tare da kalmar sirri ba, da matsayin manhajojin adana sirri

Mabuɗin shiga wani tsari ne na tabbatar da mai asusu a intanet ba tare da ya rubuta kalmar sirri ba. A saitin wayoyi da shafukan da ke aiki da Ingilishi, sunan da ake gani shi ne Passkey. Maimakon mutum ya haddace haruffa da lambobi, wayarsa ko kwamfutarsa ce ke riƙe da wani mabuɗi na lissafi. Aikinsa kawai shi ne ya ba ta izinin amfani da mabuɗin, ta hanyar ɗora yatsa, ko nuna fuska, ko danna lambar da ya saba buɗe na'urar da ita.

Tun daga 2022 manyan kamfanonin fasaha suka duƙufa wajen yaɗa wannan tsari, kuma manhajojin adana kalmomin sirri irin su 1Password da Bitwarden da Dashlane sun bi sahu. Amfaninsa a fili yake, domin yana toshe babbar hanyar da 'yan damfara ke bi, wato yaudarar mutum ya miƙa sirrinsa da hannunsa. Sai dai bai kawar da haɗari baki ɗaya ba. Ya sauke nauyin tsaro daga ƙwaƙwalwar mutum, ya ɗora shi a kan abubuwa uku: makullin wayarsa, da taskar da mabuɗan ke ciki, da kuma hanyar da ya tanada ta dawo da asusu ranar da wayar ta ɓata.

Asalin kalmar sirri da rauninta

An fi danganta fara amfani da kalmar sirri a kwamfuta ga Fernando Corbató na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka. A 1961 ya jagoranci ƙirƙiro wani tsari da ke bai wa mutane da yawa damar aiki da kwamfuta guda, kowa da ma'ajin takardunsa. Ba a je ko'ina ba aka ga ɓaraka. A 1962 wani ɗalibin digiri na uku mai suna Allan Scherr ya sa na'urar ta buga masa jerin kalmomin sirrin abokan aikinsa, domin ya samu ƙarin lokaci a kanta fiye da wanda aka ware masa.

Raunin kalmar sirri a jikinta yake: sirri ne da ɓangare biyu suka sani. Mai asusu ya san ta, kamfanin da ke da shafin ma yana ajiye da wani nau'i nata domin ya kwatanta. Saboda haka ana iya sace ta daga kowane ɓangare. A Disamban 2009 masu kutse suka kwashe kalmomin sirri kimanin miliyan 32 daga kamfanin RockYou, waɗanda aka ajiye a sarari ba tare da an kulle su ba, kuma wadda ta fi yawa a cikinsu ita ce 123456. A Oktoban 2017 kamfanin Yahoo ya amsa cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusai biliyan 3 da yake da su.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne maimaici. Mutum guda yana da imel da banki da shafukan sada zumunta, kuma ba zai iya haddace kalma daban ga kowanne ba, sai ya yi amfani da guda a ko'ina. Da zarar ta fita daga wani ƙaramin shafi, ɓarayi sai su gwada ta a manyan. A 2021 kalmar sirri guda ta wani tsohon asusu da ba a sa masa mataki na biyu ba ta buɗe wa masu kutse ƙofar kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline. An dakatar da tura mai na kwanaki, gidajen mai a kudu maso gabashin Amurka suka ƙafe, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

An yi ta yi wa kalmar sirri faci. An ƙara lambar wucin gadi da ake turowa ta saƙon tes, wadda aka fi sani da OTP. An kuma samar da manhajojin adana kalmomin sirri, waɗanda ke ƙirƙiro doguwar kalma daban ga kowane shafi su ajiye ta a taska mai kulle. Duka biyun sun rage ɓarna ƙwarai, amma sun bar ƙofa guda a buɗe: duk abin da mutum zai iya karantawa ya rubuta ko ya faɗa, mayaudari zai iya sa shi ya rubuta ko ya faɗa a inda bai dace ba. Tun a 2004 Bill Gates ya yi hasashen cewa kalmar sirri za ta shuɗe, amma sai da aka ɗauki kusan shekara 20 kafin magajinta ya iso hannun talakawa.

Yadda mabuɗin shiga ke aiki

Tushen tsarin wani ilimin lissafi ne da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka bayyana a 1976, wanda ke amfani da mabuɗai biyu 'yan tagwaye. Ɗaya na ɓoye ne, ɗaya na fili. Abin da aka sa wa hannu da na ɓoye, na fili zai iya tabbatar da ingancinsa, amma ba a iya gano na ɓoyen daga na filin.

Ana iya kwatanta shi da hatimin sarki. Hatimin yana fada, hakimi kuma yana da samfurin tambarinsa, don haka idan wasiƙa ta zo zai gane ta gaskiya ce ko ta jabu. Bambancin kawai shi ne a nan lissafi ya hana a sassaƙa hatimin daga ganin tambarin.

Ranar da mutum ya ƙirƙiri mabuɗin shiga a wani shafi, na'urarsa ce ke samar da tagwayen. Tana ajiye na ɓoyen, ta tura wa shafin na filin. Duk lokacin da zai shiga, shafin zai aiko da wata sabuwar lamba da bai taɓa aikowa ba. Na'urar za ta nemi mai ita ya ɗora yatsa ko ya danna lambarsa, sannan ta sa wa lambar hannu da mabuɗin ɓoye ta mayar. Shafin ya duba da mabuɗin fili, idan ya dace ya buɗe. Duk wannan yana faruwa cikin daƙiƙa kaɗan.

Abubuwa uku ke fitowa daga nan. Na farko, idan aka fasa rumbun bayanan kamfani, abin da za a samu mabuɗan fili ne, waɗanda ba sa buɗe komai. Na biyu, kowane shafi da nasa mabuɗin, don haka matsalar maimaici ta kau. Na uku, zanen yatsa ko hoton fuska ba ya barin na'urar. Ana ajiye shi a wani keɓaɓɓen sashe na cikinta, shafin kuma ba ya samun komai sai shaidar cewa an tantance mai ita.

Dalilin da ya sa shafin bogi ba ya tasiri

Kowane mabuɗin shiga a ɗaure yake da adireshin shafin da aka ƙirƙire shi dominsa. Manhajar shiga intanet da na'urar ne ke duba adireshin, ba idon mutum ba. Idan mayaudari ya gina shafi mai kama da na gaskiya sak, amma adireshinsa ya bambanta ko da da harafi ɗaya ne, na'urar ba za ta fito da mabuɗin ba. Mai asusun kuma ba shi da abin da zai rubuta ko ya karanto ta waya, ko da ya ruɗu.

An ga wannan a aikace tun kafin mabuɗin ya shigo wayoyi, lokacin da ake amfani da ƙananan na'urorin tsaro da ake soka wa kwamfuta, masu aiki da ƙa'ida iri ɗaya. A 2018 Google ya bayyana cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 amfani da su a farkon 2017, ba a samu tabbacin an ƙwace asusun aikin ko ɗaya ba. A Yulin 2022 aka aika wa ma'aikatan kamfanin Cloudflare aƙalla 76 saƙon tes da ke kai su shafin bogi. Uku daga cikinsu sun faɗa tarkon har sun rubuta kalmominsu na sirri, amma masu kutsen ba su samu shiga ba, saboda na'urorin tsaron sun ƙi amsa wa shafin bogin. Irin wannan harin ne ya yi nasara a kan kamfanin Twilio a daidai wannan lokacin.

Daga ƙawancen FIDO zuwa wayar hannu

Ƙa'idojin tsarin sun fito ne daga wani ƙawancen kamfanoni mai suna FIDO, wanda aka kafa a 2012 aka kuma ƙaddamar a bainar jama'a a Fabrairun 2013, da kamfanoni irin su PayPal da Lenovo da Infineon a cikin waɗanda suka assasa shi. A Disamban 2014 ya fitar da ƙa'idojinsa na farko. A ranar 4 ga Maris, 2019, hukumar W3C da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da WebAuthn, wato yaren da shafi ke magana da na'ura da shi wajen wannan tantancewa.

Cikas ɗin da ya rage shi ne mabuɗin na zaune a na'ura guda, idan ta ɓata ya tafi. A ranar 5 ga Mayu, 2022, Apple da Google da Microsoft suka sanar tare cewa za su goyi bayan mabuɗin da ake iya kwafa tsakanin na'urorin mutum guda. Apple ya shigo da shi a iOS 16 a Satumban 2022. Google ya buɗe shi ga asusansa a Mayun 2023, ya kuma mayar da shi zaɓin farko a Oktoban shekarar. Microsoft ya kawo shi ga asusan jama'a a Mayun 2024, kuma daga Mayun 2025 sababbin asusansa ba sa buƙatar kalmar sirri tun farko. WhatsApp ya fara a wayoyin Android a Oktoban 2023, sannan a iPhone a Afrilun 2024. Amazon da PayPal suna karɓarsa, kuma a Yunin 2025 kamfanin Meta ya sanar da kawo shi Facebook. A Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ce za ta fara amfani da shi a hidimominta na intanet a madadin lambar saƙon tes.

Ayyuka biyu na manhajar adana sirri

Idan aka ce wata manhajar adana kalmomin sirri tana goyon bayan shiga ba da kalmar sirri ba, abu biyu ake iya nufi, kuma ana yawan cakuɗa su.

Na farko shi ne adana mabuɗan shiga na wasu shafuka. A nan manhajar tana yin aikin da iCloud Keychain ke yi a na'urorin Apple, ko Google Password Manager a Android. Fifikonta shi ne tana aiki a ko'ina, don haka mai wayar Android da kwamfutar Windows da allon iPad zai samu mabuɗansa a duka ukun. Dashlane na cikin waɗanda suka fara, a 2022. 1Password ya buɗe wa kowa a Satumban 2023, Bitwarden a Nuwamban 2023, Proton Pass na ƙasar Suwizalan da kuma KeePassXC a Maris ɗin 2024. A wayoyi, hakan ya yiwu ne bayan iOS 17 da Android 14, waɗanda suka fito a ƙarshen 2023, sun ƙyale manhajojin waje su riƙe mabuɗai. Wayar Android da ke ƙasa da 14, daga 9 zuwa sama, tana iya amfani da mabuɗin shiga, amma ta hannun manhajar Google.

Na biyu shi ne buɗe ita kanta taskar ba tare da babbar kalmar sirri ba. Wannan ya fi wuya, saboda babbar kalmar tana yin aiki biyu: tana shaida wa kamfani cewa mai taskar ne, kuma daga jikinta ake samar da mabuɗin da ke kulle abin da ke ciki, ta yadda ko kamfanin ba ya iya karantawa. Sa hannun mabuɗin shiga yana yin aikin farko ne kawai. Don cike gurbin na biyu, an yi wa ƙa'idar WebAuthn wani ƙari mai suna PRF, wanda ke sa mabuɗin ya fitar da wata lambar sirri tabbatacciya da za a kulle taska da ita. Da shi Bitwarden ya fara gwajin buɗe taska da mabuɗin shiga a Janairun 2024. 1Password ya fara nasa gwajin a Disamban 2023, inda na'urar da aka riga aka amince da ita ke ba sabuwa izini. A watan ne kuma Dashlane ya fara bai wa sababbin masu rajista damar buɗe asusu ba tare da babbar kalma ba.

Akwai ƙa'ida guda da hankali ke bayarwa a nan: mabuɗin da ke buɗe taska ba ya zama a cikin taskar. Wajibi ne a ajiye shi a wani wuri daban, kamar wayar kanta ko na'urar tsaro.

Darasin LastPass

Abin da ya samu kamfanin LastPass a 2022 ya nuna dalilin da ya sa makullin taska ke da muhimmanci. A watan Agusta masu kutse suka shiga sashen da injiniyoyinsa ke gina manhaja. Daga nan suka bi ta kwamfutar gida ta wani babban injiniya, suka dasa manhajar da ke naɗar abin da ake dannawa, har suka samu mabuɗan rumbun ajiya. A ranar 22 ga Disamba kamfanin ya sanar cewa an kwafe taskokin abokan hulɗarsa.

Kalmomin sirrin da ke ciki a kulle suke, amma adireshin shafukan a sarari yake. Mafi muni shi ne ɓarayin sun tafi da kwafin, don haka suna da damar yin ta gwada babbar kalma a kwamfutocinsu ba tare da mai tsayar da su ba. Wanda ya zaɓi doguwar kalma mai wuyar kintata ya samu kariya, wanda ya zaɓi gajeriya ya shiga haɗari.

Darasin ya shafi mabuɗin shiga kai tsaye. Mabuɗin da aka ajiye a taskar da ke kulle da raunanniyar kalma, ƙarfinsa bai wuce na wannan kalmar ba. An gudu ke nan ba a tsira ba. Wannan ne ya sa kamfanonin ke neman hanyar da taskar za ta dogara da mabuɗin da na'ura ta ƙirƙira, wanda ba a iya kintata, a madadin kalmar da ɗan Adam ya zaɓa.

Mai kwafuwa da mai zama wuri ɗaya

Mabuɗan shiga iri biyu ne. Akwai mai kwafuwa, wanda manhaja ke kullewa ta aika zuwa sauran na'urorin mai shi. Idan waya ta ɓata, sai a shiga taskar a sabuwa a same shi. Akwai kuma mai zama wuri ɗaya, wanda ke cikin na'urar tsaro irin su YubiKey ko Titan na Google, kuma ba ya fita daga cikinta. Ya fi tsauri, amma idan na'urar ta ɓata ba a dawo da shi, shi ya sa masu amfani da shi ke sayen biyu su ajiye ɗaya a gida.

Hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta raba ƙarfin tantancewa zuwa mataki uku. Ta amince da mai kwafuwa har zuwa mataki na biyu, wanda ya wadatar da yawancin hidimomi, amma mataki na uku sai mabuɗin da ba ya fita daga na'ura. Ga yawancin jama'a mai kwafuwa ya isa. 'Yan jarida da 'yan siyasa da masu kula da kuɗin kamfani, waɗanda ake hari da gangan, su ne suka fi buƙatar na'urar tsaro.

Idan mutum zai shiga asusunsa a kwamfutar da ba tasa ba, shafin na nuna lambar QR, ya ɗauke ta da wayarsa ya ba da izini. Wayar da kwamfutar suna tabbatar da cewa suna kusa da juna ta Bluetooth, don kada wani daga nesa ya aiko da hoton lambar ya yi yaudara. Mabuɗin ba ya sauka a kwamfutar.

Inda raunin ya koma

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar farko ita ce makullin waya. Duk wanda ya san lambar buɗe waya kuma wayar ta shiga hannunsa, zai iya amfani da mabuɗan da ke ciki, domin idan yatsa ya ƙi aiki, na'urar kan koma neman lambar. A 2023 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton yadda ɓarayi a biranen Amurka ke leƙen lambar mutum kafin su sace iPhone ɗinsa. A Janairun 2024 Apple ya fito da wani saiti a iOS 17.3 wanda ke wajabta yatsa ko fuska kafin a taɓa kalmomin sirri da mabuɗai idan wayar ba ta wuraren da aka saba.

Tsaga ta biyu ita ce tsohuwar ƙofa. Shafuka da yawa suna ƙara mabuɗin shiga amma su bar kalmar sirri da lambar saƙon tes suna aiki. Mayaudari sai ya nuna shafin da ke cewa mabuɗin ya samu matsala, a yi amfani da kalma. Muddin tsohuwar hanyar na nan, ƙarfin asusun daidai yake da nata.

Ta uku ita ce muguwar manhaja a cikin na'ura. Bayan an shiga asusu, shafi kan bai wa na'ura wata shaida domin kada a riƙa tantancewa kowane minti. Manhajar sata na iya ɗauke wannan shaidar ta shiga ba tare da ta taɓa mabuɗin ba. Mabuɗin shiga ba ya maganin na'urar da ta riga ta kamu.

Ta huɗu ita ce asara daga ɓangaren mai asusun kansa. Kamfanonin da ba sa iya karanta taska ba sa iya buɗe wa wanda ya rasa duk na'urorinsa da lambar ceto. Batun ya shafi magada ma. Tsarin Apple na naɗa magajin asusu bai haɗa da kalmomin sirri da mabuɗan da ke iCloud Keychain ba. Bitwarden yana da tsarin bai wa amintacce izinin gaggawa, 1Password kuma yana ba da takardar ceto da ake bugawa a ajiye.

Ƙaura daga manhaja zuwa manhaja

Kalmomin sirri ana iya fitar da su a takardar kwamfuta a kai wata manhaja, duk da cewa takardar a sarari take, wanda haɗari ne. Da farko mabuɗan shiga ba su da ko wannan, abin da ya sa ake kukan cewa tsarin na ɗaure mutum ga kamfani guda. A Oktoban 2024 ƙawancen FIDO ya fitar da daftarin ƙa'idoji biyu, CXP da CXF, na tura mabuɗai da kalmomi a kulle daga wata manhaja zuwa wata. Apple ya sa wannan damar a iOS 26 da ya fito a Satumban 2025. Kafin mutum ya zaɓi inda zai tara mabuɗansa, ya kamata ya duba ko manhajar na ba da hanyar fita. Inda babu, mafita ita ce a ƙirƙiri sabon mabuɗi a kowane shafi da sabuwar manhajar, sannan a goge tsohon.

Abin da ya shafi masu amfani a Najeriya

Damfarar da aka fi sani a Najeriya ta dogara ne da lambar da ake faɗa: a kira mutum da sunan banki a nemi OTP, ko a ce za a sa shi a wani zauren WhatsApp ya karanto lambobi shida da suka shigo masa, ko a karɓi layinsa da sunan sabunta SIM. Irin wannan ce mabuɗin shiga ke magani, a shafukan da suka karɓe shi. Amma WhatsApp yana ci gaba da rajistar lamba ta saƙon tes, don haka saka lambar tantancewa ta mataki na biyu a cikin manhajar har yanzu wajibi ne.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a warware. 'Yan Najeriya sun saba da BVN da NIN, inda ake ɗaukar zanen yatsa a ajiye a rumbun hukuma. Mabuɗin shiga ba haka yake ba, domin yatsan bai wuce cikin wayar ba.

Wasu al'adun amfani da waya suna rage masa ƙarfi. A gidan da mutum biyu ko uku ke amfani da waya guda, duk wanda ya san lambar buɗewa ko aka yi wa yatsansa rajista yana da iko da mabuɗan. Mai gyaran waya kan nemi lambar domin ya gwada aikinsa. Mai ƙwacen waya kan tilasta a buɗe masa kafin ya gudu. A shagunan intanet kuma, kwamfutocin tebur da yawa ba sa zuwa da Bluetooth, don haka shiga da lambar QR ba zai yiwu a kansu ba.

Matakan da suka dace

Farkon abin yi shi ne ƙarfafa makullin waya: lamba mai aƙalla shida wadda ba ranar haihuwa ba, tare da yatsa ko fuska domin a rage danna ta a gaban jama'a. Sai a fara da imel, saboda ta nan ake dawo da sauran asusai. A zaɓi wuri guda na adana mabuɗai domin kada su warwatsu har a manta inda kowanne yake. Idan manhajar waje ce, babbar kalmarta ta zama doguwar jimla da ba a amfani da ita a ko'ina, a kuma sa mata mataki na biyu.

Asusu mai muhimmanci yana buƙatar mabuɗi a wuri biyu, kamar waya da kwamfuta, ko waya da na'urar tsaro. Lambobin ceto a rubuta su a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gida da na makaranta, ba a hoton allon waya ba. Kafin a sayar da waya ko a kyautar da ita, a fita daga asusai a goge ta gaba ɗaya. Idan an sace ta, a shiga asusun daga wata na'ura a cire ta daga jerin amintattu, a goge ta daga nesa, sannan a soke mabuɗan da ke cikinta a shafukan da suka fi muhimmanci, musamman idan ɓarawon ya san lambar buɗewa.

Kalmar sirri ba za ta ɓace nan kusa ba, domin shafuka da yawa, har da na makarantu da hukumomi da ƙananan 'yan kasuwa, ba su karɓi sabon tsarin ba. Shi ya sa manhajar adana sirri za ta daɗe tana riƙe da duka biyun a taska guda, tsofaffin kalmomi da sababbin mabuɗai. A duk shafin da ya ba da damar cire kalmar sirri bayan an tanadi mabuɗi na biyu da lambar ceto, cire ta ne ke kammala aikin.